Kafin ki zare kuɗin adashi don gyaran kwamfutar yaro



Idan akwai kwamfutar tebur a gidanki, kuma akwai saurayi ɗan sakandare, to ko dai an riga an kawo miki wannan ƙorafin, ko yana nan tafe: "Mama, kwamfutar nan ba ta jan gem, sai an sa mata girafik kad." Abin da yake nufi shi ne katin hoto, wani allo da ake soka wa kwamfuta a ciki domin ya ɗauke mata nauyin zana hotunan wasa. Yaron bai yi ƙarya ba. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ke da kika tara shi daga cinikin bandar kifi ko albasa a kasuwar Yelwa kin fi kowa sanin zafinsa. Kada ki ce a'a, kada kuma ki miƙa. Ki ce a fara buɗe akwatin.

Yawancin kwamfutocin da ke shigowa gidajenmu, daga Yauri har Wara da Shanga, na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP da ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu. Suna da ƙarko, amma don aikin ofis aka ƙera su. A cikin kowace akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai rarraba wuta, da takarda manne a jikinsa da ke nuna ƙarfinsa. A siraran nan da ake kwantarwa a kan tebur, za ki ga 180W, ko 200W, ko 240W. Wannan lambar ita ce alƙalin maganar. Katin da samari ke mafarki, kamar RTX 3060, shi kaɗai yana shan wat 170, yana buƙatar wayar wuta tasa daban wadda waɗannan akwatunan ba su da ita, kuma ko tsayinsa ba zai bari murfi ya rufu ba. Canza mai rarraba wutar ma ba ya zuwa da sauƙi, don kamfanonin sukan yi masa baki irin nasu wanda na kasuwa ba ya shiga. Haka kawai a aiko miki da kaya ta tasha daga titin Beirut a Kano ko daga Ikeja, a zo ya ƙi zama, mai shago kuma ya ce an riga an ɓare kwali.

Akwai katunan da suka dace da irin wannan gida: gajeru, waɗanda ke shan wuta daga ramin da aka soka su kawai, shi kuwa ramin ba ya ba da fiye da wat 75. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da samfurin gajere, haka RX 6400. Idan ƙwallo ce damuwar yaron, wasan da suke kira FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, mafi ƙarancin abin da FC 24 ya nema shi ne GTX 1050 Ti da RAM giga 8. Zai yi, amma ba da ƙawar da yake gani a YouTube ba, gara a gaya masa tun yanzu.

Ni dai a ganina ba da kati ya kamata a fara ba. RAM, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin, ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan giga 4 ce a ciki, ko sanda ɗaya ta giga 8, a ƙara mata 'yar uwarta su zama biyu. A duba dai ko DDR3 ce ko DDR4, domin ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Sai SSD a madadin tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ba zai ƙara wa gem gudu sosai ba, amma kwamfutar da ake kunnawa a je a ɗora tukunya a dawo za ta tashi nan take. Waɗannan biyun kowa a gidan zai mora, har ƙanwarsa mai shirin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta.

In kuma ƙwaƙwalwar injin ta tsufa ƙwarai, ki riƙe kuɗinki. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama. Zuba kaya masu tsada a injin da ya gaza haka, ɗinkin sabon leshi ne a kan tsumma.

Sai maganar wuta, wadda mu nan ba sai an yi mana bayani ba. Madatsar Kainji da ta tashi garuruwan kakanninmu a 1968 tana nan ƙasa da mu, amma wutar na zuwa na ɗaukewa, wani sa'in ta dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Sitabilaiza ko UPS ya riga kowane kati shiga lissafi. In sola kuke amfani da ita, ki sani gem na sa'o'i uku zai ci batirin da kike tanadi don fankar dare. Ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin ciki. Wata kwamfutar ba ta rasa komai ba, ƙura ce ta shaƙe ta take rage gudu don kada ta ƙone. A cire ta daga soket, a kakkaɓe ta da busasshen buroshi, a ɗaga ta daga ƙasa.

Tunda wayar tana hannunki, ki sa yaron ya ɗauki hoton lambar samfurin kwamfutar, da takardar mai rarraba wuta, da cikin akwatin gaba ɗaya. A tura wa mai sayarwa ta WhatsApp, ya amsa a rubuce cewa kayan zai shiga, in bai shiga ba zai karɓa. Kuma tunda kuɗinki ne, sharaɗin ma naki ne: kwamfuta a falo take zama, ana kashe ta in an kira salla, kuma ki tambayi sunan gem ɗin. Idan kika ji GTA, ki sani an yi masa alamar 'yan shekara 18 ne zuwa sama.