Kira Ga Masu Koya Wa Na'ura Hausa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku masu karatu, ku sani tun shekarar 2013 na'urar fassara ta Google ta fara juya Hausa zuwa waɗansu harsuna. Madalla. Amma fa da boko aka koya mata. Ita kuwa na'ura tamkar almajiri take, abin da aka biya mata shi take maimaitawa. Ajaminmu rubutun hannu ne, yana ɗaure cikin gafakar malamai, kaɗan ne ya shiga kwamfuta. Ashe mai karatun ajami an bar shi a baya, alhali waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ajami aka rubuta su.

A 2007 an cire ajami daga ƙananan takardun naira. Kada irin wannan ya faru cikin na'ura muna kallo. Jami'ar Boston ta ƙasar Amurka ta ɗauki hotunan littattafan ajami masu yawa. Sai dai hoto bai wadatar ba, sai an kwafe su, babbaƙu da farfaru. Wa ya fi malamin allo iya wannan? To, masu bincike su zo tsangaya su nemi malamai, mu kuma mu kwance gafaka. Allah Ya sa mu dace, amin.