Ra'ayinmu: A Faɗa wa Na'ura Ƙa'ida, Ita Ta Nemi Hanya

Duk ɗalibin da ya taɓa duba allon sanarwa ya tarar an sa masa jarrabawa biyu a sa'a ɗaya, to, ya riga ya ɗanɗani matsalar da muke son tattaunawa a wannan fitowa. Tsara jadawali aiki ne na harhaɗa abubuwa masu yawa bisa sharuɗɗa: kada ɗalibi ya rabu biyu, kada zaure ya ɗauki fiye da kujerunsa, kada malami ya tsare aji biyu lokaci guda.

Hanyoyi biyu ake bi wajen ɗora wa kwamfuta irin wannan aiki. Ta farko ita ce a rubuta mata mataki bayan mataki, kamar yadda ake yi wa baƙo kwatancen gida. Ta biyu kuwa, a shimfiɗa mata abin da aka sani da sharuɗɗan da ba a ƙetarewa, sa'an nan a bar wa wani shiri na dabam aikin laluben amsa. Wannan ta biyu ita muke goyon baya, domin in an rufe zaure guda, layi ɗaya za a gyara, kuma ko akawun da bai karanta ilmin na'ura ba yana iya duba ƙa'idar ya ce nan an yi kuskure.

Abin ba sabo ba ne. A 1972 Alain Colmerauer da abokan aikinsa suka ƙago harshen Prolog a Faransa bisa wannan tunani. A 1978 John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya fara shirin da aka sani da XCON, wanda daga 1980 kamfanin DEC ya riƙa amfani da shi wajen tantance kayayyakin da za a haɗa a kwamfutocin VAX gwargwadon buƙatar mai saye. Ya yi amfani ƙwarai, amma da ƙa'idojinsa suka kai dubbai sai gyaransa ya zama jidali, saboda sanin kayan ya cakuɗe da umurnin abin da za a fara yi. Darasin da masana suka ɗauka shi ne a raba ilmi da hanyar sarrafa shi.

Haka al'amarin yake wajen kwaikwayon abubuwa masu canzawa da lokaci. Hilding Elmqvist ya aza harsashi a 1978 a Jami'ar Lund ta Suwidin, daga bisani harshen Modelica ya fito a 1997. A nan injiniya lissafin dangantaka kurum yake rubutawa, misali cewa ruwan madatsa yana ƙaruwa da abin da ya shigo, yana raguwa da abin da aka saki da wanda rana ta shanye. Na'ura ce ke tsara yadda za a warware lissafin, ta nuna abin da zai faru bayan shekara goma.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka faɗa mata. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ta shayar da gonakin rani a Kano, amma ta rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita. In mai rubuta ƙa'idojin sakin ruwa ya manta da masunci da makiyayi da manomin shinkafa na can ƙasa, lissafinsa zai fito tsaf, alhali kuwa zalunci ne a cikinsa. Alherin wannan hanya shi ne ƙa'idojin a rubuce suke a fili, ana iya tuhumarsu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da kada su raina darussan mantiƙi da lissafi. Ga ƙananan ma'aikata kuwa muna cewa: ƙa'idojin da ke cikin kan tsofaffin ofis ku rubuta su tun kafin masu su su yi ritaya. In kuma aka kawo muku sakamako aka ce na'ura ce ta faɗa, ku nemi a nuna muku sharuɗɗan da aka ba ta, da sunan wanda ya rubuta su. Wanda ya rubuta ƙa'ida, shi ya yanke hukunci.