Motar da Ake Iya Gyarawa a Gure Ita Ce Motarmu

 

Duk inda ƴan kofaratif suka zauna a ƙasar Gure, sai zancen mota ya taso. Masu lambu a kwari suna kuka, tumatir da kabeji suna lalacewa kafin su kai kasuwa. Masu dabino da masu kanwa suna jiran ɗan kasuwa mai mota, shi kuwa in ya zo, kuɗin da ya ga dama yake bayarwa. Don haka mutane ke cewa: mu haɗa kuɗi mu sayi a-kori-kura mai shan gazuwal, mu huta.

Shawarar ba ta da laifi. Amma kuɗin mota gumin gari ne gaba ɗaya. Akwai na adashin mata a ciki, akwai na ragon da wani ya sayar. In aka yi mugun ciniki, kuɗi sun tafi, zumunci ma ya tafi. Ra'ayina shi ne: motar kirki ita ce wadda ke iya rairayinmu, wadda kuma bakanikenmu ya san cikinta, kayan gyaranta suna kusa. Kyan fenti da sabuntar shekara suna bayan wannan.

Mu fara da hanya

Kowa ya san ƙasarmu. Kwalta guda ce babba, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Gidigir da Gure ta nufi Maine da Difa. Da ka sauka daga kanta, sai tudun rairayi. Mai zuwa Kelle, wajen duwatsun Kutus, ya sani. Mai zuwa Tasker ya fi kowa sani. Kwaruruwan da muke noma a ciki ma, rairayi ne ya kewaye su, dole mota ta hau tudu da kaya a bayanta kafin ta fita.

Dattawa suna tuna Peugeot 404 mai tamfol. Mota ce mai ƙwari, ta yi wa jama'a aiki shekara da shekaru. Amma ƙafafunta biyu na baya kaɗai ke ja. A kan kwalta da tsandauri ba ta da matsala, a cikin rairayi mai zurfi kuwa sai fasinja su sauka su tura. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: ƙafa huɗu ke ja, wato kat-kat ce? Tana da ƙaramar giyar nan ta hawan tudu? In babu, komai arharta a bar ta. Araha ba ta ado.

Sai lissafi

Ga inda karatun yaƙi da jahilci zai yi mana rana. Ku ɗauko littafi da alƙalami.

Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 160 ne. Zuwa da dawowa 320 ke nan. Babbar kat-kat mai kaya tana shan kamar lita 14 a kowane kilomita 100 na kwalta. Wato tafiyar za ta ci wajen lita 45. Irin wannan mota, nauyin da aka yi ta domin shi wajen ton 1 ne, buhu 10 masu kilo 100. In ta kai kaya ta dawo wayam, kowane buhu ya sha lita 4 da rabi. Ku tambayi kuɗin lita a gidan mai, ku ninka, ku gani. Ba a sa ladan direba da yaron mota ba, ba a sa taya da baƙin mai ba. A cikin rairayi kuma shan man ya fi haka nesa.

Me lissafin ya nuna? A kan kwalta babbar mota mai ɗaukar buhu 100 ko fiye ta fi araha. Aikin a-kori-kura shi ne fito da kaya daga kwari zuwa bakin kwalta, ko zuwa kasuwa irin ta Gidigir da Subdu, sannan ta koma da gero, taki, siminti ko fasinja. Motar da ke dawowa wayam tana cin masu ita.

Don haka nake ba da shawara: kafin a saya, a yi shatar mota har tsawon rani guda. Magatakardan kofaratif ya rubuta kowace tafiya: rana, wurin da aka je, yawan buhu, kuɗin da aka biya. In rani ya ƙare a tara. In aka ga aikin bai wuce ranakun kasuwa biyu a mako ba, shata ta fi saye. Ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wace iri ce?

In lissafi ya ce a saya, to a leƙa tasha ranar kasuwa. Motocin da suka fi yawa a layin daji su ne amsa. Direbobi ba su zaɓe su don ado ba.

Biyu ne suka fi fice. Akwai Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Zubin nan nata an fara shi a 1984. Injinta da aka fi sani, mai suna 1HZ, ya fito a 1990. Yana da silinda 6, girmansa lita 4.2, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke juya shi ba. Ba shi da gudu, amma yana da haƙuri. Sai kuma Toyota Hilux, wadda ta fi ta sauƙin jiki da sauƙin shan mai. Tsofaffin Hilux masu injin da ake ce wa 3L ko 5L su ma kanikawa sun saba da su. Hilux ta isa aikin kwari na kusa da kwalta. Mai doguwar tafiya arewa da kaya masu nauyi, Land Cruiser ta fi masa.

Wasu za su ce: ai sababbin injuna sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai. Gaskiya ne. Tun wajen 2005 yawancin Hilux na gazuwal suna zuwa da inji mai kwamfuta. Amma irin wannan inji ba ya yafe ƙazamin mai. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin gazuwal na iya kashe bakunan da ke fesa mai, su kuwa tsada gare su. In ya ƙi tashi, sai an nemo mai na'urar bincike, galibi daga babban birni. Mai kai-da-kawo tsakanin Damagaram da Maradi yana iya saye. Mu da mota ke mace mana a bayan tudu, inda ko waya ba ta kamawa, sai mu yi tunani sau biyu.

Land Cruiser ita ma tana da nata aibin, ba za mu ɓoye ba. Ko tsohuwa ce tana da tsada. Kuma ita ce motar da ƴan fashin daji suka fi haƙo. Wanda ya saye ta sai ya san hanyar da zai bi da lokacin da zai bi ta.

Ranar ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada a aika kuɗi saboda hoton da aka gani a waya. Mutum uku za su je: bakanike na gida wanda shi zai riƙa gyara ta, direban da zai tuƙa, da mai karatu. Dillali yana da amfani, amma la'adarsa yake nema, ba shi zai kwana da motar a daji ba.

A je da sassafe, a taɓa inji a ji yana da sanyi, sannan a tayar. Inji mai lafiya yana tashi ba gardama. A dubi hayaƙi. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ana zargin ruwa na shiga ko bakunan mai sun gaji. Baƙi ƙirin, a binciki famfon mai da matatar iska. A buɗe murfin baƙin mai inji na aiki. In yana huci da ƙarfi, inji ya tsufa. In man ya yi kamar nono, ruwa ya haɗu da shi, a tashi daga cinikin.

Bakanike ya shiga ƙarƙashi da fitila. Ya dubi shasi, ko akwai walda ko tsatsa. Motocin da suka yi aiki a Turai sukan zo da tsatsa, don can ana zuba gishiri a hanya lokacin sanyi. Ya ƙirga ƙarafan sifirin na baya, ko akwai karyayye. Daga nan a loda mata buhuna, a kai ta rairayi, a sa ƙafa huɗu, a hau tudu, a dubi allurar zafi. Mai motar da ya hana gwaji, akwai abin da yake ɓoyewa.

Mai karatu kuma aikinsa takardu. Lambar da ke jikin shasi ta dace da wadda ke cikin kart giris harafi da harafi. A ga takardar duwan. A ga sunan mai sayarwa ya yi daidai da katinsa. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi, kuma a sa sunan kofaratif, ba sunan shugaba ba. Mota marar takardu, ran da jandarma suka tsayar da ita, ta tafi ke nan.

Tambayi kayan gyara

Kafin a biya, a rubuta abu biyar: matatar mai, matatar iska, faifan kuloci, ƙarfen sifirin, da famfon ruwa. A tambaya a Gure, a tambaya a Damagaram. In an samu nan take, madalla. In aka ce sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko sai an jira daga bakin teku, a yi hattara. Ba mu manta 2023 ba, da aka rufe iyakoki, hanyar Kwatano ta tsaya, kaya suka yi wuya. Ba mu manta 1994 ba, da aka karya darajar sefa, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Motar da kowa ke da irinta, ko a jikin matacciya ana samun abin gyaranta.

Bayan an saya

Saye rabin aiki ne. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace mai a nan jihar Damagaram. A sha gazuwal a gidan mai. In dole ta sa aka sayi na jarka, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta. A yi juyen baƙin mai kowane kilomita 5,000. A kakkaɓe matatar iska kullum in ana hazo. In za a shiga rairayi a rage iskar taya, in an hau kwalta a mayar. In an ɗauki kanwa, a shimfiɗa tabarma ko katako, a wanke baya, don kanwa da gishiri suna cin ƙarfe. Kada a ɗora buhu 20 a inda aka ce 10. Riba ce ta yau, karyayyen shasi na gobe.

A naɗa direba guda. A ajiye littafi a cikin mota. Daga kuɗin kowace tafiya a ware kason gyara a asusu dabam, kada a taɓa shi don biki ko rance. Shugaba ma in zai kai iyalinsa unguwa, ya biya kamar kowa. Marar lafiya da mace mai naƙuda kuwa, a yanke tun yau a taron gari yadda za a riƙa kai su likita, kada a tsaya gardamar kuɗin mai da tsakar dare.

Ku karanta wannan takarda a wurin taro, ku karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba tukuna. Kofaratif ɗin da ta riga ta sayi mota, ta aiko mana da labarin abin da ta gani, daɗi ko wuya, sauran garuruwa su ƙaru. Mai tambaya ba ya ɓata.

Allah ya sa albarka a guminmu, ya kai mu damina lafiya.