Ra'ayinmu: Kifi na ƙaura a tekun arewa, tukunyarmu za ta ji a jika

Wani zai ce ina ruwanmu da tekun Barents, can arewa da Norway da Rasha? To, akwai ruwanmu. Kifin ƙanƙara da matanmu ke saye a kasuwa, musamman makarel, da yawansa daga arewacin tekun Atlantika ake kawo shi.

Masana sun nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya. Da ruwa ya yi ɗumi, ƙanƙara ta ja baya, sai manyan kifaye na kudu irin su kod da hadok suka kutsa arewa. Abin mamaki, nau'ukan kifi na iya ƙaruwa a wurin, amma 'yan gida ne ke shan wuya. Ƙaramin kod na Aktik, wanda ke yin ƙwai a ƙarƙashin ƙanƙara, baƙin na cinye shi, suna kuma cinye abincinsa. Shi ne kuwa cimar tsuntsayen teku da sauran dabbobin wurin.

Makarel ma ya yi ƙaura. Wajen 2007 ya fara cika ruwan Iceland, sai rikicin rabo ya ɓarke tsakanin Iceland, tsibiran Faro, Norway da Tarayyar Turai. Kowa ya yanka wa kansa kaso, jimillar kamun ta yi shekaru tana wuce shawarar masana. A 2025 majalisar masana teku ta ICES ta ba da shawarar a rage kamun 2026 da kimanin kashi 70 cikin 100. Kaya in ya yi ƙaranci, mai kuɗi ke fara ɗauka, talaka ya koma gida da miya ba kifi.

Matsayinmu a fili yake. Ƙasashen nan su daidaita kan rabo ɗaya, su bi maganar masana. Gwamnatocinmu kuma su daina dogaro da kwantena: a tallafa wa masu kiwon tarwaɗa da karfasa da rance da abincin kifi mai rahusa, a kuma hana jiragen da ke kwashe ƙananan kifi a gaɓarmu.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tekunmu ma yana ɗumama.