Kada A Yi Wa Kwamfuta Hukunci Ba Bincike

A rangadin da muka yi na makarantun ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, har zuwa Dingaya, kuka ɗaya muka yi ta ji daga bakin malamai. Wai kwamfuta takan yi aiki lafiya lau muddin rubutu ake yi, amma da an ɗora mata zane ko majigin koyarwa sai ta mutu farat ɗaya. Daga nan sai akawu ya rubuta ta lalace, a kai ta sito, a nemi kuɗin sabuwa. Mu a ganinmu wannan ɓarnar dukiyar jama'a ce.

Jaki ba ya nuna yunwarsa sai an ɗora masa kaya. To, haka kwamfuta take. A cikinta akwai ɗan akwati mai karɓar wutar bango ya rarraba wa sassanta. Sashen da ke fitar da hoto ya fi saura cin wuta, don babba yakan ci fiye da wat 200. In akwatin nan ya tsufa, ko kuwa mai araha ne wanda ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba, da nauyi ya hau sai ya yanke wuta.

Saboda haka muna roƙon malamai su duba abu uku tukuna. Na farko, in duk injunan ɗakin suka mutu tare, a tuhumi janareta ko wayar ɗakin. Na biyu, ƙurar hunturu takan toshe fanka, ga zafin bazara, inji kuwa in ya yi zafi yakan kashe kansa. Sai a cire shi daga wuta a kakkaɓe. Na uku, a aro akwatin wuta daga kwamfuta mai lafiya a gwada. In ciwon ya tafi an kama ɓarawo. Amma fa kada kowa ya kwance akwatin kansa, gama yana riƙe wuta ko an zare waya.

Abin ba na wasa ba ne. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB. Duk injin da ke kwance a sito, wani yaron ƙauye ne aka hana sabawa da shi kafin ranar. Akawu kada ya rubuta ta lalace sai malami ya sa hannu ya yi binciken nan. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.