Sharhi: Abin da doguwar mu'amala da magungunan kashe raɗaɗi ke jawo wa masu daɗaɗɗen kumburi

A kusan kowane kemis da ke unguwannin Najeriya, daga Sakkwato zuwa Fatakwal, ana sayar da ibuprofen da diclofenac da piroxicam ba tare da an nemi takardar likita ba. Lebura da ya wuni yana ɗaukar bulo, da tsohuwar da gwiwa ta hana ta ruku'u, da direban doguwar tafiya mai ciwon baya, duk abu guda suke faɗa wa mai shago: a haɗa musu maganin ciwon jiki. Ga wanda ya gurɗe ko haƙori ya dame shi na kwana biyu, wannan ba wata babbar matsala ba ce. Matsalar tana ga wanda ciwonsa ya zama abokin zama, yana shan ƙwayoyin safe da yamma tsawon watanni ko shekaru.

Waɗannan magunguna dangi ɗaya ne da asfirin. A 1971 masanin Birtaniya John Vane ya gano yadda suke aiki, binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1982: suna hana jiki samar da wani sinadari mai suna prostaglandin, wanda ke haddasa zafi da kumburi. Sai dai sinadarin yana da wasu ayyuka. Shi ne ke taimaka wa ciki fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan da ke narka abinci, shi ne kuma ke buɗe hanyoyin jinin da ke zuwa ƙoda. Ƙwayar da ta kashe ciwon gwiwa, ita ce dai ke rage wannan kariya a lokaci guda.

Daga nan ne illolin ke tasowa. Na farko gyambon ciki da zubar jini a cikinsa, wanda sau da yawa ba a ankara da shi sai bayan gida ya koma baƙi ko mutum ya yi aman jini. Na biyu ƙoda, kuma a nan yanayin ƙasar ya ƙara nauyin lamarin. Mai aikin ƙarfi cikin zafin watan Afrilu, ko mai azumi, ko mai gudawa, ruwan jikinsa ya riga ya ragu, ƙodarsa tana dogaro da wannan sinadari don samun jini. Idan kuma yana shan maganin hawan jini irin lisinopril tare da mai sa fitsari, haɗuwar ukun sanannen sanadi ne na tsayawar ƙoda farat ɗaya. Na uku zuciya. A 2004 kamfanin Merck ya janye maganinsa Vioxx daga kasuwannin duniya saboda ƙarin haɗarin bugun zuciya. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba masu ciwon zuciya ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki diclofenac, sannan a 2015 hukumar FDA ta Amurka ta tsaurara gargaɗinta, tana cewa haɗarin na iya farawa tun makonnin farko. A 2020 ta ƙara da jan kunnen masu juna biyu daga mako na 20.

Abin da ya fi wannan ɓata lissafi shi ne, a yawancin cututtukan daɗaɗɗen kumburi, waɗannan ƙwayoyi ba sa taɓa tushen cutar. Mai amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke yaƙar gaɓoɓi zai ji sauƙi idan ya sha diclofenac, amma gaɓar na ci gaba da lalacewa a ɓoye, har yatsu su karkace. Abin da ke rage saurin ɓarnar magunguna ne irin methotrexate, waɗanda sai likita ya tabbatar da cutar, ya kuma riƙa bibiyar jinin majinyaci. Mai ciwon gaɓa na taruwar sinadarin yurik yana buƙatar allopurinol. Shi kuwa ciwon gwiwar tsufa, ƙa'idojin jinya na zamani sun fi ba da fifiko ga motsa jiki, rage ƙiba da shafa maganin a kan fata, kafin a kai ga haɗiya. Duk watan da aka shafe ana danne ciwo a kemis, wata ne da aka rasa na gano cutar.

Ba jahilci kaɗai ke kai mutane ga haka ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma mafi yawan 'yan ƙasa suna waje har yanzu. Likitocin da suka ƙware a cututtukan gaɓoɓi 'yan kaɗan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane. Wanda zai auna kuɗin mota da na kati da na gwaji da wunin da zai rasa a kan layi, da ƙwayar 'yan nairori a bakin titi, ba shi da wuyar yanke shawara.

Shi kansa haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda yana da nasa haɗarin. Ana iya samun ibuprofen da diclofenac a ƙulli ɗaya, alhali shan biyu daga dangi guda illa yake ƙarawa fiye da sauƙi. Wani lokaci ana cusa dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke ƙara haɗarin zubar jini a ciki, su kuma tayar da sukari da hawan jini. Mai saye bai san sunan ko ɗaya ba, balle ya faɗa wa likita ranar da aka kai shi asibiti.

Hankalin hukumomi ya fi karkata ga wasu fannoni, kuma da dalili. An haramta maganin tari mai kodin a 2018, ana farautar tramadol, a watan Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani a Onitsha da Aba da Idumota ta Legas domin zaƙulo jabu. Amma ibuprofen da ke lalata ƙodar dattijo mai hawan jini galibi sahihi ne, da lambar rajistarsa. Ba ya sa maye, don haka ba ya jan hankalin kowa. Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, mataki ne mai kyau, sai dai a ƙarshen hanya yake jiran majinyaci.

Haramta magungunan ba mafita ba ce, domin masu sikila da mata masu ciwon mara da dubban masu rauni suna amfana da su. Abin da ke hannun Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Ƙasa, wadda ke ba masu kemis lasisi, shi ne ta hana sayar da ƙwayoyi a warware ba tare da kwalinsu ba, ta kuma wajabta wa mai shago tambayoyi kafin ya miƙa: akwai gyambon ciki, hawan jini, ciwon ƙoda ko juna biyu? Ƙa'idar da ke jikin kwalin ibuprofen na kanti ita ce kada a wuce miligiram 1,200 a rana, kada kuma a zarce kwana 10 ba tare da ganin likita ba. Wanda dole sai ya daɗe yana sha, akwai omeprazole da ke kare ciki, akwai kuma gwajin ƙoda da awon jini lokaci zuwa lokaci, waɗanda kuɗinsu bai kai na zaman wankin ƙoda sau ɗaya ba, amma har yanzu ba kowace cibiyar lafiya ta matakin farko ke iya yin gwajin ba.