Ciskek: Sunan sa ne kek, amma halin sa daban

A watan nan za mu ɗan ajiye batun furodusa da darakta a gefe, mu leƙa kicin. Dalili kuwa, akwai wani abin kwaɗayi da duk mai kallon finafinan Amurka ya sha gani a kan teburi, har yawun sa ya tsinke, wato ciskek.

Wanda ya kalli shirin 'Friends' zai tuna kashin da aka nuna a farkon 2001, inda aka kawo wa maƙwabciyar su ciskek aka yi kuskuren ƙofa, Chandler da Rachel su ka cinye abin mutane. Ƙarshen ta dai har a ƙasa su ka durƙusa su na tsintar wanda ya faɗi. Haka ma a 'The Golden Girls', wanda aka nuna daga 1985 zuwa 1992, da zarar wata damuwa ta taso, sai ka ga matan nan huɗu sun hallara a kicin da daddare su na yankar ciskek. To yanzu abin ya zo mana har gida, 'yan mata masu sana'ar kek su na yin ƙananan sa da narkakken sukari a sama, wanda ake kira karamel. Kuma uwargida ma za ta iya yi a ɗakin ta.

Amma fa kafin ki ɗauko roba, ki sani: ciskek sunan sa ne kawai kek. Ba fulawa ba ce jigon sa, ba a sa masa bekin foda, ba a kuma so ya tashi. Haɗin cuku ne da ƙwai da sukari, ya fi kusa da kwastad. Duk wadda ta yi masa irin gashin kek ɗin biki, wallahi asarar kayan ta kawai za ta yi, ga kayan da tsada.

Cukun da ake nufi ba irin busasshen nan na Agadas da Tawa ba ne, ba kuma wara ba. Wani cuku ne mai laushi kamar man shanu, wanda ake shafa wa burodi. Wani mai kiwon shanu, William Lawrence, shi ya fara yin sa da yawa don sayarwa a garin Chester na jihar New York a 1872, sannan a 1880 aka laƙaba masa sunan Philadelphia, wanda har yau shi ne ya fi suna. Idan kin samu a manyan kantuna, shi kenan. Idan kuma farashin sa ya sa kin dafe ƙirji, kindirmo ya na nan. Ki samu mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba, kamar lita 1, ki juye a farin ƙyalle mai tsafta, ki ɗora a kan kwando, ki sa a firij ya kwana ya wuni ya na tsanewa. Abin da zai rage a ƙyallen zai kai kusan rabi, mai kauri, cokali na iya tsayawa a ciki. Nonon da aka cire wa mai ba zai yi ba, ruwa ya yi masa yawa.

Ga ma'aunin da zai ba ki guda 12 a gwangwanin kap-kek. Na ƙasa: biskit ɗin Digestive guda 8 da bota cokali babba 3. Na tsakiya: cuku ko tsanannen kindirmo giram 450, sukari cokali babba 8, ƙwai 2, filebo na banila ƙaramin cokali 1. Idan da kindirmo za ki yi, ki ƙara garin konfulawa cokali babba 1 don ya kama jikin sa. Na sama: sukari cokali babba 8, bota cokali 3, madarar ruwa ta gwangwani cokali 5, da ɗan gishiri.

Da farko ki daka biskit ya zama gari, ki narkar da bota ki cuɗa su har ya yi kamar jiƙaƙƙen yashi. Ki jera takardun kap-kek, ki zuba cokali ɗaya-ɗaya, ki danne da gindin ƙaramin kofi.

Sai na tsakiya. Ki fitar da cuku da ƙwai daga firij tun da wuri su huce, domin cuku mai sanyi gudaji ya ke yi, kuma ba ya fashewa daga baya. Ki murza cukun da sukari har ya yi sumul. Sannan ki fasa ƙwai ɗaya, ki juya a hankali, in ya ɓace ki sa na biyun. A nan ne mutane da yawa ke ɓata rawar su da tsalle, su yi ta bugu kamar za a yi kek. Bugun nan iska ya ke turawa ciki. A wuta sai ya kumbura, ya na hucewa ya lotsa, saman ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Juyawa kawai ake so, ba bugu ba.

Ki zuba a kan biskit ɗin, kada ki cika fal. Obin ya kasance a digiri 160, minti 16 zuwa 20. Alamar ya yi ita ce gefen ya tsaya, tsakiyar kuma ta na ɗan rawa in kin taɓa gwangwanin. Kada ki ce sai kin soka tsinke ya fito a bushe. In ya kai haka, to ya wuce. Sauran zafin da ke jikin sa shi zai ƙarasa dafa tsakiyar. Ki kashe wuta, ki ɗan buɗe ƙofar obin ki bar shi minti 10, sannan ki fito da shi ya huce sarai.

Wadda ba ta da obin fa? Kada ki yi masa gashin tukunya da yashi da garwashi a murfi, zafin ya yi masa yawa. Turara shi za ki yi kamar alala. Ki yi amfani da kofunan shayi na tangaran ko gwangwanayen madara masu tsafta, ki rufe kowanne da takardar foyil, ki ɗora a madambaci a kan wuta kaɗan, minti 20 zuwa 25.

Yanzu sai karamel. Duk wadda ta taɓa yin alewar madara ta san hanya. Ki zuba sukari a busasshiyar tukunya mai kaurin gindi, a wuta matsakaiciya. Kada ki juya da cokali da farko, ki dinga karkata tukunyar kawai. Zai narke, ya yi ruwan ƙwai, ya koma kalar zuma. To daidai nan ki ke so. Tsakanin kalar zuma da ƙonewa daƙiƙu ne, in waya ta yi ƙara ki ƙyale ta. Ki sauke, ki sa bota ki juya, sannan ki tsiyaya madarar da ki ka ɗan ɗumama, kaɗan-kaɗan, domin zai taso da kumfa. Ki mayar wuta minti 1, ki barbaɗa gishiri. Gishirin nan ba ƙauyanci ba ne. Wani mai alewa Bafaranshe, Henri Le Roux, ya yi suna da karamel mai bota da gishiri tun 1977, kuma shi ke hana zaƙin ya gundire ki.

Wani abu da ba wasa ba: narkakken sukari ya na kai digiri 170, alhali tafasasshen ruwa 100 ne, ga shi ya na mannewa a fata. A fitar da yara daga kicin, mai goyo ta sauke goyon ta. Kada ki ɗanɗana da yatsa. Idan tsautsayi ya sa ya ɗiga a jiki, a sa wurin a ruwan sanyi mai gudana har minti 20, ban da man ja, ban da ɗanyen ƙwai ko makilin. In ƙunar ta yi girma, sai asibiti.

Bayan ciskek ya huce, ki sa a firij aƙalla awa 4, in ya kwana ma ya fi. A nan ya ke daskarewa ya yi ɗanɗanon sa na gaskiya. Sai za a ci ne za ki zuba karamel cokali ɗaya a kan kowanne, ki ɗan watsa dakakkiyar soyayyiyar gyaɗa in ki na so.

Saura magana guda, musamman ga masu yi don sayarwa ko don walima. Wannan abu madara ce da ƙwai, ba cincin ba ne da za a zuba a bokiti ya yi sati. Kada ya wuce awa 2 a waje, in kuma ana zafi irin na watan Afrilu, awa 1. A firij mai sanyi sosai zai kai kwana 4. In kin san unguwar ku wuta sai an ga dama, ki tanadi kula da ƙanƙara tun kafin ki fasa ƙwai, ko ki yi daidai wanda za a cinye a ranar. Gara ki ce wa mai oda ba zai yiwu ba, da a ce kayan ki ne su ka kwantar da 'yan biki. Suna ɗaya ne, in ya ɓaci gyaran sa da wuya.

Amare da uwayen gida, a gwada a gani. In maigida ya cinye goma sha biyun shi kaɗai, kada a kawo mani ƙara. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.